Littattafai Biyu A Kan Ciwon Ajali

Babu gidan da ba a taɓa yin jinya a cikinsa ba. Duk wanda ya kwana zaune kusa da shimfiɗar tsohonsa, yana jin nishinsa, yana juya shi daga wannan gefe zuwa wancan, ya san wani abu da ba a faɗinsa a wurin zaman makoki. Ya san akwai sa'ar da gajiya ta kan kai mutum ga wani tunani wanda shi kansa ya ke jin kunyarsa, watau ya ce a zuciyarsa, da ma abin nan ya ƙare kowa ya huta. Galibin mutane su kan kori wannan tunani da istigfari, gari ya waye su ci gaba da ɗawainiya. Amma a ƙasashen Turai an yi mawallafa waɗanda suka ɗauki wannan sa'a suka gina labari a kanta, har suka kai ga tambaya mai nauyi ƙwarai: in ciwo ya tabbata ba na tashi ba ne, azaba kuwa ta yi yawa, ko ya halatta wani ya gajarta wa mara lafiya kwanakinsa?

Littattafai biyu sun isa a auna wannan magana da su, ɗaya na Faransa, ɗaya na Rasha. Dukansu ƙagaggun labarai ne, ba tarihi ba, amma ƙagaggen labari ma yana da ma'auninsa. Ma'aunin labarin jinya kuwa shi ne a duba a gani ko mawallafi ya yi adalci tsakanin mutum biyu, da wanda ke kwance da wanda ke zaune a gefensa. Wahalarsu ba iri ɗaya ba ce, sau da yawa kuwa a kan ɗauki wahalar mai zama a ce ta mai kwanciya ce.

Gidan Tibo

Roje Martan du Gar Bafaranshe ne, an haife shi a 1881, ya rasu a 1958. Aikin da ya koya a makaranta shi ne karanta tsofaffin takardu da adana su, hannun ma'ajin takardu kuwa ya fito fili a rubutunsa, gama ba ya barin kome a dunƙule sai ya bi shi dalla-dalla. Babban littafinsa, wanda a Faransanci a ke kira Les Thibault, watau Gidan Tibo, kashi 8 ne, ya fito daga 1922 zuwa 1940, aka kuma ba mawallafin Lambar Nobel a 1937. Kashi na 6, wanda ya fito a 1929, shi a ke kira Mutuwar Uba.

Uban nan sunansa Oskar Tibo, attajiri ne a birnin Faris, ɗan Katolika mai tsananin riƙon addini, mutum mai son a ji tsoronsa. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya maza biyu. Babban, Antuwan, likitan yara ne, ba ya gaskata kome sai abin da ya gwada ya gani. Ƙaramin, Jak, mai zafin zuciya ne. Sa'ad da ya gudu daga gida yana yaro, uban ya kai shi gidan horon kangararrun yara wanda shi da kansa ya kafa. Da ya girma ya sake gudu, ya shekara 3 ba a ji ɗuriyarsa ba, sai da ciwon uban ya yi tsanani Antuwan ya gano shi a Lozan ta ƙasar Suwizalan, ya komo da shi gida.

Ciwon tsohon sankara ce a wajen mafitsara, ta ci har ƙodarsa ta kasa aiki. Aikin ƙoda shi ne ta tace jini ta fid da dattinsa cikin fitsari. In ta tsaya, dattin nan ya kan taru ya zama dafi, mutum ya riƙa jijjiga kamar mai farfaɗiya, numfashi ya riƙa sarƙewa. Labarin ya auku ne a ƙarshen 1913, watau shekara 30 kafin wani likitan Holan mai suna Wilem Kolf ya ƙera na'urar wankin ƙoda a 1943. Saboda haka ba abin da likitoci za su iya sai rage zafi da allurar morfin, wani magani mai kashe ciwo ya sa barci. Morfin ɗin ma sai aka tsai da shi, don ƙodar da ba ta tacewa ba ta iya fid da shi daga jiki, ya zama maganin zai gaggauta abin da a ke gudu.

A nan ne mawallafin ya nuna iyakar iyawarsa. Mutanen gida suka riƙa karɓar juna dare da rana, da 'ya'yan, da barori, da matan zuhudu masu jinya. In jijjiga ta taso sai an taru an danne tsoho, in ta lafa kowa ya zube wuri ɗaya yana haki, kafin a farfaɗo wata ta sake tasowa. Har suka ɗauke shi cikin zanen gado, da ƙyar saboda nauyinsa, suka tsoma shi cikin ruwan ɗumi ko ya sami sauƙi. Ya samu kaɗan, sa'an nan abin ya komo. Wanda ya taɓa ɗaga mara lafiya mai jiki, in ya karanta wurin nan zai ji bayansa ya amsa. Daga ƙarshe 'yan'uwan biyu suka fahimci juna, aka sallami sauran mutane su je su huta, Antuwan ya cika allura da morfin ya yi wa ubansa. Tsoho ya yi barci, bai farka ba.

Abin da ya ɗaukaka littafin nan bisa waɗansu masu irin labarinsa shi ne, mawallafin bai wanke Antuwan ba. A kashi na 4, 'yan makonni kafin wannan dare, wani abokinsa ya roƙe shi ya yi wa wata jaririya mai shan azaba irin wannan allura, 'yar wani likita abokin aikinsa, ya ƙi, ya ce rai abin girmamawa ne. Ga shi yanzu ya aikata abin da ya hana. Me ya sake? Ciwon ba na tashi ba ne a can, ba na tashi ba ne a nan. Abin da ya sake shi ne, a can baƙo ne ya zo dubiya ya koma gida ya yi barci, a nan kuwa shi ke kwana zaune. Antuwan da kansa ya gane haka. Bayan rasuwar ya tsaya a kan cewa daidai ya yi, amma ya yarda a ransa akwai ragonta a ciki, watau jikinsa ne ya ke neman kuɓuta daga abin da ya gaji da gani. Ya kuma yarda da cewa akwai hatsari in aka sakar wa kowane likita wannan hanya. Mawallafin da ke son yaudarar mai karatu da ya share waɗannan wurare.

An ce wanzami ba ya son jarfa, amma wannan wanzami bai tsira ba. A kashi na ƙarshe Antuwan ya shaƙi iska mai guba a Yaƙin Duniya na Farko, huhunsa ya lalace. Da ya ke likita ne, ya riƙa rubuta yadda ciwon ke cinsa kullum, har ran 18 ga Nuwamba 1918, kwana 7 bayan an tsai da yaƙi, ya yi wa kansa allurar da ya yi wa ubansa.

Duk da haka littafin yana da aibi babba. Tun daga sa'ad da limamin cocinsu ya zo ya kwantar wa tsoho da hankali a farkon kashin, sai mawallafin ya fita daga zuciyar Oskar Tibo, bai sake komawa sosai ba. Ya zama jiki kawai, mai kururuwa, mai nauyi, abin dannewa da ɗagawa. An zaunar da mai karatu a wurin 'ya'yan, an gajiyar da shi tare da su shafi bayan shafi, an toshe kowace ƙofa, har shi ma ya ƙosa a kawo allura. To, amma wa ya tambayi tsohon? Ya yi ta kiran a taimake shi, gaskiya ne, sai dai kiran taimako ba izinin kisa ba ne, addinin da ya rayu a kansa kuwa ya hana abin da aka yi masa. Bayan an gama, Antuwan ya buɗe takardun uban ya tarar da wasiƙu masu taushi, ya gane ashe bai taɓa sanin mutumin nan ba. Wanda bai san ubansa ba yana da rai, da wane ilmi ya yanke masa ranar tafiya? Mawallafin ya ajiye takardun nan a gaban mai karatu, amma bai matsa wa Antuwan da wannan tambaya yadda ya kamata ba.

Mutuwar Iban Iliyic

Littafi na biyu gajere ne, a kan karance shi a yini ɗaya. Liyo Tolstoi, mutumin Rasha, wanda ya rayu daga 1828 zuwa 1910, shi ya wallafa shi a 1886. Ba allurar gaggawa a cikinsa, amma yana da amsa ga littafin farko, don shi ya shiga ɗakin ne ta wata ƙofa, ya kwanta tare da mara lafiya.

Iban Iliyic alƙali ne, ma'aikacin hukuma mai bin ƙa'ida, wanda duk burinsa ƙarin girma da gida mai kyau. Ya sami muƙami mai albashin rubul 5,000 a shekara, ya kama sabon gida, ya hau tsani yana nuna wa ma'aikaci yadda za a rataya labule, ya zame ya bugi kwiɓinsa. Daga nan ciwo ya soma, cikin 'yan watanni ya kashe shi yana da shekara 45. An fara labarin ne daga ƙarshe. Abokan aikinsa sun ga rasuwar a jarida, kowa ya shiga lissafin wanda zai hau kujerarsa da wanda zai hau ta wanda ya hau. Matarsa, Faraskobiya, ta ja amininsa gefe ranar makoki tana tambayarsa yadda za ta sami ƙarin kuɗi daga baitulmali. Aminin kuwa ya fita daga gidan ya wuce wurin karta. Duk wanda ya yi aikin ofis ba ya bukatar a fassara masa wannan shafi.

Iban ya sha azabar jiki, an ba shi morfin kamar yadda aka ba Tibo. Amma Tolstoi ya nuna abin da ya fi cinsa ƙarya ce. Likitoci suna gardama ko ƙoda ce ko hanji, kamar yadda shi ya saba jujjuya shari'a a kotu ba tare da ya dubi fuskar mai ƙara ba. Matarsa tana cewa laifinsa ne, ba ya shan magani a kan kari. 'Yarsa hankalinta yana wajen saurayi. Kowa ya san mutuwa zai yi, shi ma ya sani, amma an haɗa baki a kan cewa ciwo ne kawai, zai warke. Ƙaryar nan ta rufe masa baki, ta bar shi shi kaɗai a tsakiyar iyalinsa.

Mutum ɗaya ne bai yi masa ƙarya ba, wani bara ɗan ƙauye mai suna Gerasim. Shi ke kwashe masa bayan gida ba ƙyama, shi ke ɗora ƙafafunsa a kafaɗa ya zauna haka har tsakar dare, don maigidan ya ce in an ɗaga su yana jin sauƙi. Dalilinsa kuwa ba mai tsawo ba ne: mutuwa rigar kowa ce, wata rana shi ma zai so wani ya yi masa haka. Gerasim ba shi da magani ko ɗaya a hannunsa, amma shi kaɗai ya rage wa Iban wahala.

Iban ya kwana 3 yana kururuwa ba fasawa, ana ji ta bayan ƙofofi. Da Antuwan ne a gidan, lalle a nan zai buɗe jakarsa. Amma a cikin kwanakin nan ne Iban ya gama shari'ar da ya ke yi da kansa, ya yarda rayuwarsa ba ta tafi daidai ba, ya kuma gane da sauran gyara ko da ya rage sa'a guda. Ɗansa ƙarami, ɗan makaranta, ya saɗaɗo ya kama hannunsa ya sumbata yana kuka. Iban ya buɗe ido ya ji tausayin yaron, ya dubi matar da ya daɗe yana ƙi ya ji tausayinta, ya yi ƙoƙarin neman gafara, harshe ya karye. Sa'an nan tsoro ya rabu da shi. Masu kallo ba su ga kome ba sai mutum yana shure-shure. Wannan ita ce hujjar Tolstoi: na waje bai san abin da a ke yi a ciki ba, sa'ar da ya ke gani ta banza wataƙila ita ce mafi amfani a duk rayuwar mai ita.

Shi ma Tolstoi bai kuɓuta daga aibi ba. Na farko, ya tsananta wa masu jinya. Faraskobiya ta yi shekaru tana haƙuri da miji mai faɗa a kan abinci, amma ba a ba ta shafi ɗaya na tausayi ba, har aka ce ta so ya mutu, tunanin albashinsa ne ya hana ta. Gerasim kuwa an yi shi kamar ba ɗan Adam ba, ba ya gajiya, ba ya ƙosawa. Wanda ya yi jinyar watanni ya san ba haka abin ya ke ba, mai ƙauna ma ya kan gaji. Na biyu, abin da mai mutuwa ya gani a numfashinsa na ƙarshe ba wanda ya komo ya ba da labarinsa. Tolstoi ya faɗe shi kamar wanda ya shaida, alhali kuwa fatansa ne ya rubuta.

Abin Da Ya Biyo Baya

Tambayar da littattafan nan suka tayar ta fita daga takarda ta shiga majalisu. Holan da Beljiyam sun halatta wa likita ya gajarta ran mara lafiya bisa sharuɗɗa tun daga 2002, Kanada ta bi a 2016, Sifen a 2021. Malaman Musulunci sun haɗu a kan haramcinsa, don rai amana ce, ba mai karɓarta sai Mai ita. Cocin Katolika ma a kan hani ta tsaya. Amma abin lura shi ne, ko a ƙasashen da suka halatta, sharaɗi na farko shi ne mara lafiya ya nema da kansa yana cikin hankalinsa. Ashe abin da Antuwan ya yi wa ubansa ko dokokin nan ba su yarda da shi ba.

Har wa yau, Martan du Gar ya gina labarinsa a kan hanya biyu kaɗai, ko azaba ko allurar ƙarshe. Bayan zamaninsa an share ta uku. Wata likita Baturiyar Ingila, Sisili Sondas, ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a Landan a 1967, ta nuna in ana ba da morfin gwargwado, a kan kari, tun kafin zafi ya taso, galibin marasa lafiya su kan sami sauƙi suna cikin hankalinsu. Ta kuma koyar da cewa ciwon mai mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na zuciya, da na tunanin iyali, da na tsoron gamuwa da Ubangiji. Watau ta haɗa ilmin Antuwan da kafaɗar Gerasim wuri ɗaya. Wannan bai rage darajar Mutuwar Uba ba, sai dai ya nuna tarkon da mawallafin ya ɗana na zamaninsa ne.

Hukunci

In an ɗora littattafan a ma'auni, kowanne ya riƙe rabin gaskiya. Bafaranshen ya san mai zama, ya manta da mai kwanciya. Mutumin Rasha ya san mai kwanciya, ya zalunci mai zama. Wajen tsara labari da bin diddigin ciwo, Martan du Gar ya yi gaba. Wajen zurfi kuwa Tolstoi ya fi, domin tambayarsa ta riga ta ɗayan: kafin a yi gardamar ko a gajarta wa mutum kwana, sai a fara tambaya ko an zauna da shi, ko an gaya masa gaskiya, ko an saurare shi.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba zai rasa abin ɗauka ba. An saba in an je dubiya a ce, "Ya jiki?" a amsa, "Da sauƙi," ko da mutum yana bakin kabari. Maganar nan fata ce da addu'a, ba laifi a cikinta. Amma in ta zama ƙofar da a ke rufe bakin mara lafiya da ita, ya so ya yi wasiyya a ce ya bar wannan zance, ya so ya ambaci bashin da ke kansa ko ya nemi gafarar wani a ce ai zai tashi, to, ta zama ƙaryar gidan Iban. Haka kuma in aka bar wa mutum ɗaya jinya, ko mata, ko 'yar fari, sauran dangi sai leƙe da gaisuwa, an kai shi bakin ramin da Antuwan ya faɗa. Gajiyar mai jinya gaskiya ce, ba abin kunya ba ce, maganinta a karɓe shi ya yi barci. Abin tsoro shi ne ya kira gajiyarsa jinƙai, ya yanke hukunci da ita.

Wanda ya koyi karatu da girmansa, ya kuma riga ya binne nasa, ya fi ɗan makaranta cancantar auna irin waɗannan littattafai, gama shi ya san warin ɗakin da tsawon daren. In ya gamu da wani labari mai irin wannan magana, sai ya tambaya, muryar wa aka ji, ta wa aka danne. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri da mataimaka, ya sa a cika da imani.